Kududdufan da Ke Haifar da Agwagin Amurka ta Arewa: Tambayoyi da Amsoshi

Wane yanki ne ake magana a kai, kuma me ya haɗa shi da agwagi?

Fili ne shimfiɗaɗɗe a tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 700,000. Ya ɗauko daga kudancin lardunan Albata, Saskacewan da Manitoba na Kanada, ya gangaro cikin Amurka ta jihohin Montana, Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Minesota, har zuwa tsakiyar Ayowa. Fiye da shekara 10,000 da suka wuce dusar ƙanƙara mai kauri ce ta lulluɓe ƙasar. Da ta narke ta ja baya sai ta bar ƙasar da ramuka da kwaruruka ba iyaka, miliyoyinsu. Kowace shekara, idan ƙanƙarar hunturu ta narke a watan Afrilu, ruwa ya taru a ramukan nan. Mafi yawansu ba su da mashiga ba su da mafita, ba kuma su kai girman filin ƙwallo ba.

Yankin ɗan yanki ne kawai na wuraren da agwagin daji ke hayayyafa a nahiyar, amma a shekarar da aka sami ruwa, rabin agwagin nahiyar ko fiye a nan ake ƙyanƙyashe su. Malad mai koren kai, pintel mai doguwar wutsiya, ƙaramar agwagwa mai shuɗin fiffike wadda ke yin ƙaura har Kolambiya da Benezuwela, mai baki kamar cokali, da masu nutso irin su kanbasbak, duk nan ne gidan haihuwarsu. Shi ya sa manyan cibiyoyin binciken agwagi ma a nan suke: tashar bincike ta Delta a bakin tafkin Manitoba, wadda Albert Hochbaum, ɗalibin masanin kula da namun daji Aldo Leopold, ya fara jagoranta a 1938, da cibiyar binciken namun daji ta garin Jamestown a Dakota ta Arewa, wadda aka buɗe a 1965.

Me agwagwa za ta yi da kududdufin da zai ƙafe cikin mako uku? Ba babban tafki ya fi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ta saɓa wa abin da ido ke nunawa. Babban tafki yana da kyau a hoto, agwagi ma sukan taru a kansa lokacin kaka kafin tafiya. Amma batun haihuwa, ƙaramin ya fi shi nesa ba kusa ba.

Dalili na farko ciki ne. Agwagwar da ta kwana biyu tana cin hatsi a kudu, idan ta zo yin ƙwai, hatsi ba ya isarta. Malad kan saka ƙwai tara ko goma, ɗaya kowace safiya, kuma kowane ƙwai yana neman furotin da sinadarin ɓawo. A shekarun 1970 George Swanson da Gary Krapu na cibiyar Jamestown suka duƙufa duba maƙogwaron matan agwagi masu saka, suka tarar yawancin abin da ke ciki ƙananan halittun ruwa ne: tsutsotsin ƙwari, dodon koɗi, tana, da wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande. Waɗannan kuwa a ruwa marar zurfi suke fara yawa, domin shi ne rana ke fara ɗumamawa tun babban tafki yana daskare. Ƙari a kan haka, kududdufin da ke ƙafewa duk shekara kifi ba ya zama a cikinsa, ke nan babu mai rabon abincin da agwagwa.

Dalili na biyu hali ne. Namijin agwagwa ba ya son ganin wani namijin irinsa kusa da matarsa lokacin saka. Idan ruwa ɗaya ne babba, 'yan ma'aurata kaɗan za su raba shi, sauran a kore su. Idan kuwa ruwan ya rarrabu gida-gida, tudu da ciyawa sun shiga tsakani, kowa ya sami nasa. Abin da aka auna a yankin shi ne kududdufai goma masu eka ɗaya-ɗaya suna ɗaukar ma'aurata wajen ninki uku na abin da tafki guda mai eka goma ke ɗauka.

A 1971 Robert Stewart da Harold Kantrud suka rarraba ruwan yankin aji-aji bisa tsawon zamansa da irin tsiron da ke tsakiyarsa: mai kwanaki, mai makonni, mai kai wa tsakiyar rani, mai shekara yawancin lokuta, da wanda ba ya ƙafewa. Agwagwa na bukatar dukkansu a kusa da juna. Mai makonni ya ciyar da ita lokacin saka, mai daɗewa ya karɓi 'ya'yanta a Yuli lokacin da na farko ya zama busasshen laka. Abin takaicin shi ne ƙananan nan su ne suka fi saukin janyewa, su ne kuma aka fara janyewa.

Idan fari ya zo fa? Ba shi ke nan ba?

Agwagi na raguwa, babu shakka. A farin shekarun 1930, wanda ƙura ta turnuƙe gonakin Amurka, sun ragu har mutane suka tsorata, haka ma a ƙarshen shekarun 1980. Wasu kan tsallake yankin gaba ɗaya su wuce can arewa, inda ba su cika yin ƙwai da yawa ba. Amma daga 1993, da ruwa ya dawo, adadinsu ya yi sama cikin 'yan shekaru.

Shi kansa kududdufin yana bukatar farin. Arnold van der Valk da Craig Davis sun bayyana zagayen a 1978 bayan aikinsu a Ayowa. Ruwa ya janye, laka ta sha iska, matattun ganyen da suka taru a ƙasa suka ruɓe suka zama taki, irin da ke kwance cikin laka shekara da shekaru ya tsiro. Ruwa ya dawo ya tarar da sabon tsiro da abinci jingim, ƙwari su yi yawa. Shekaru na tafiya, ruwa mai zurfi da wani ɓeran ruwa mai yanka kara don gina ɗakinsa su yi ta rage tsiron, har wurin ya koma fili fetal na ruwa, babu maɓoya, abinci kaɗan. Sai wani farin ya zo a sake lale. Tsuntsaye sun fi yawa a tsakiyar zagayen, lokacin da rabin wurin tsiro ne rabi buɗaɗɗen ruwa, kamar yadda Milton Weller da Cecil Spatcher suka nuna tun 1965.

Inda aka hana ruwa hawa da sauka, matsala ce ke biyowa. Idan manomi ya janye ƙananan kududdufai goma ya zuba su cikin ɗaya, wannan ɗayan ya daina ƙafewa, ƙananan kifaye su samu wurin zama su cinye abincin 'yan agwagi, sannan wata irin kachalla mai haɗin jini biyu ta mamaye gefensa ta toshe ko'ina. Mutanen Hadeja da Nguru ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Dangin kachallar nan ce ta cika musu hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun canza yadda kogi ke cika da janyewa.

Ta yaya ake ƙirga tsuntsun da ke tashi? Ba ƙiyasi ba ne kawai?

Ƙiyasi ne, amma mai ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta canza sosai ba tun 1955. Kowane watan Mayu, Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka da takwararta ta Kanada na tura ƙananan jiragen sama su bi wasu layuka da aka shata tun asali, layukan bara su ne na bana. Jirgin na tafiya ƙasa-ƙasa, tsakanin mita 30 zuwa 50 daga ƙasa. Matuƙin, wanda shi ma masanin halittu ne, yana ƙirga agwagin da ke cikin mita 200 ta gefensa, abokin aikinsa na ƙirga na ɗaya gefen, ana kuma ƙirga kududdufan da ke da ruwa. Namiji da aka gani shi kaɗai a kan ruwa ana lissafa shi a matsayin biyu, don alama ce matarsa na cikin ciyawa a kan ƙwai.

Sanin kowa ne daga sama ba a ganin komai da komai. Don haka wata tawaga ta bi wasu sassan layukan a ƙasa, da ƙafa, tana kewaya kowane ruwa tana tayar da abin da ke ɓoye. Idan na sama sun ga ɗaya inda na ƙasa suka ga uku, da wannan ake gyara lissafin irin wannan agwagwar a wannan yankin. Ƙananan da ke lafewa cikin kara sun fi bukatar gyara fiye da malad.

Da wannan hanya aka sami agwagi miliyan 49.5 a 2015, adadi mafi yawa a tarihin ƙidayar, aka kuma sami miliyan 32.3 a 2023 bayan shekarun fari. Shekara biyu, 2020 da 2021, annobar korona ta hana fita.

Sheƙar da ke ɓoye cikin ciyawa fa, ta yaya ake gano ta?

Da sarƙa. Babura biyu masu ƙafa huɗu su jera, tsakaninsu doguwar sarƙar ƙarfe wajen mita 50, su riƙa tafiya a hankali cikin ciyawa da safe, lokacin da aka fi samun uwa a kan ƙwai. Sarƙar na shafar saman ciyawar, sai ka ga agwagwa ta yi firgigit ta tashi. Mai lura ya kafa ido a daidai inda ta tashi, ya taka a hankali. Sheƙar ɗan rami ne da aka shimfiɗe da busasshiyar ciyawa da lallausan gashin ƙirjin uwar. Ya ƙirga ƙwan, ya ɗauki ɗaya ya kara shi a bakin wani guntun tiyo, ya ɗaga wajen rana ya leƙa: daga girman inuwar ɗan tayi da gurbin iska yake gane kwana nawa aka yi ana kwanci. Wasu kuma cikin ruwa suke saka ƙwan su ga yadda zai kwanta ko ya taso, kamar yadda mai sayen ƙwan zabi ke yi a kasuwa. Ya mayar da ƙwan, ya rufe da gashin, ya kafa ɗan tsinke 'yan taku kaɗan daga wurin, ba a kan sheƙar ba, don hankaki na da wayo, yana gane alama. Bayan mako guda ya dawo. Idan ya tarar da fatar cikin ƙwai a ware, an ƙyanƙyashe. Idan ya tarar da ɓawo a farfashe a warwatse, ko wayam, an yi ɓarna.

A nan ne aka daɗe ana ruɗin kai. Masu binciken farko sukan ce cikin sheƙa 100 da muka gano, 40 sun ƙyanƙyashe, ke nan nasara kashi 40. Harold Mayfield, wanda ba ma agwagi yake nazari ba, ya nuna a 1961 cewa lissafin ya karkace: sheƙar da aka cinye a kwana na uku babu wanda ya gan ta balle ya rubuta ta, waɗanda ake samu yawanci waɗanda suka riga suka daɗe ne. Mafita ita ce a ƙirga kwanakin da kowace sheƙa ta yi ana kallonta, a fitar da damar tsira ta yini ɗaya, sannan a ninka ta tsawon lokacin. Douglas Johnson na Jamestown ya ƙara wa hanyar ƙarfi a 1979. Ga misali: malad na bukatar wajen kwana 35 daga ƙwan farko zuwa ƙyanƙyasa. Idan damar tsira ta kowace rana kashi 95 ce cikin 100, abin da kunne zai ji kamar da kyau, a ƙarshe sheƙa 17 kacal cikin 100 ke kai labari.

Da aka gyara lissafi sai hankula suka tashi. Lewis Cowardin da abokan aikinsa sun nuna a 1985 cewa malad na bukatar nasarar sheƙa wajen kashi 15 don kawai adadinta ya tsaya yadda yake, kuma a wurare da dama na yankin noma ba a kai hakan. Abin da ke ceton ta shi ne naci: idan an cinye na farko ta sake saka, ta sake, muddin akwai ruwa da abinci.

Wa ke cinye ƙwan?

Jar yanyawa, bodari, rakun (wata dabbar can mai yawon dare, mai zobe-zobe a wutsiya), da wata dabbar bakin ruwa mai kama da tunku, kuregen ƙasa, hankaki. Yanyawar ta fi ɓarna, domin ba ƙwai kaɗai take ɗauka ba, har uwar take kamawa a kan sheƙa. Alan Sargeant ya shafe shekaru yana tattara fikafikai da ƙasusuwa a bakin ramukan yanyawa, ya gano yawancin agwagin da take kashewa mata ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa maza suka fi mata yawa a garken agwagi.

Sai dai waɗannan dabbobin ba haka suke da yawa ba a da. Zuwan manoma ya kawar da kyarkeci, ya rage koyote, wato dilan can, ya kawo rumbuna da tsofaffin gine-gine da bishiyoyi inda rakun da bodari ke fakewa. Koyote ba ya barin yanyawa a yankinsa, shi kuma bai damu da neman sheƙa kamar ita ba. Binciken Marsha Sovada a 1995 ya sami nasarar sheƙa kashi 32 inda koyote ke iko, kashi 17 inda yanyawa ke iko. Wato mutanen da suka yi ta kashe koyote don kare tumaki sun buɗe wa yanyawa ƙofa ba su sani ba.

Abu na biyu shi ne fasalin ciyawar. Idan ta koma siririn layi a gefen hanya ko bakin gona, dabba na bin layin ne daga farko zuwa ƙarshe cikin dare ɗaya, duk sheƙar da ke ciki ta same ta. Idan ciyawar ta yi faɗi, dubban eka, sai ta yi ta yawo ba ta dace ba.

To me ya hana a kashe dabbobin a huta?

Akwai masu yi. Ƙungiyar Delta Waterfowl na ɗaukar masu tarko su rage rakun da bodari a wasu zaɓaɓɓun wurare lokacin saka, kuma gwaje-gwaje sun nuna nasarar sheƙa na ƙaruwa sosai a wurin. Tana kuma kakkafa wasu ɗakunan saka, bututun waya da aka naɗe da ciyawa a kan sanda a tsakiyar ruwa, waɗanda malad ke shiga. An gwada shingen lantarki da tsibiran da aka gina. Ita kuwa Ducks Unlimited, wadda mafarauta suka kafa a 1937, ta fi karkata ga sayen ƙasa da kare ciyawa da ruwa, tana cewa tarko sai an sake biya duk shekara, ranar da aka daina kuma dabbobin sun dawo.

A ganina kowanne da gaskiyarsa, amma ba daidai suke da nauyi ba. Tarko na aiki inda ruwa ke da yawa ciyawa ta ƙare, kuma babu alamar za ta dawo. Amma ba ya tsinana wa sauran tsuntsayen ciyawa abin kirki, ba ya riƙe ƙasa, ba ya tare ambaliya. Hujja mafi ƙarfi ma ba daga masu agwagi ta fito ba, daga ma'aikatar gona ta fito. A 1985 Amurka ta fara biyan manoma su bar gonaki masu zaizaya su shuka ciyawa na shekara 10 zuwa 15. Don ƙasa da farashin hatsi aka yi shirin, ba don tsuntsu ba. Da Ronald Reynolds da tawagarsa suka auna, suka tarar ciyawar ta ƙara agwagi wajen miliyan 2 a kowace shekara tsakanin 1992 da 1997 a Dakota biyu da Montana. Shirin ya kai kusan eka miliyan 37 a faɗin ƙasar a 2007. Da farashin masara da waken suya ya tashi, cikin shekara goma ya faɗo ƙasa da miliyan 25.

Me ya sami pintel har ta kasa farfaɗowa kamar sauran?

A 1956 an ƙirga fiye da miliyan 10, a 2022 ba su kai miliyan 2 ba. Da ruwa ya dawo a shekarun 1990 malad da sauran suka hau, ita ta tsaya.

Ɗabi'arta ce ta ci karo da garma. Tana riga kowa isowa, tana son wuri mai gajeren tsiro, saboda haka sai ta yi sheƙa cikin kututturan alkamar bara. A da manoman Kanada kan bar rabin gona ta huta shekara guda, ba sa taɓa ta sai rani ya shiga, kafin nan wasu ƙwan sun ƙyanƙyashe. Daga shekarun 1970 aka riƙa barin wannan al'ada, aka koma shuka kowace shekara. Yanzu tarakta na shiga a Mayu, daidai lokacin da take kwanci. Ita kuma ba ta da nacin sake saka kamar malad. Maganin da aka fi gwadawa shi ne alkamar da ake shukawa a kaka ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara, don ita babu mai shiga gonarta da inji a Mayu, kuma sheƙa na tsira a cikinta sosai fiye da gonar da ake shukawa bayan narkewar ƙanƙara. Matsalar ita ce manomi ba zai shuka ta ba sai lissafinta ya fita.

Ba farauta ce ke rage su ba?

Ana harbin miliyoyi duk kaka, don haka tambayar na kan hanya. An daɗe ana gardama: wadda aka harba, da ma sanyi ko cuta za su kashe ta, ko kuwa ƙari ce a kan masu mutuwa? David Anderson da Kenneth Burnham sun tayar da ƙurar a 1976 da bayanan malad, har yau kuma ba ta kwanta gaba ɗaya ba. Tun 1995 Amurka ta ɗauki wata dabara: maimakon a jira a gama gardama, ana riƙe da hasashe iri-iri a lokaci guda, kowace shekara a duba wanne ya fi kusa da abin da ƙidayar Mayu ta nuna, a ƙara masa nauyi wajen yanke tsawon lokacin farauta da adadin da mutum zai harba a rana.

Bayanan daga hannun mafarautan suke fitowa. Ana kama agwagi a ƙarshen rani a sa musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, wanda ya harbi mai zobe ya kai rahoto. Da irin waɗannan rahotannin Frederick Lincoln ya zana manyan hanyoyin ƙaura huɗu na nahiyar a 1935. Don a gane mutum nawa ke ɓoye zobe ba su faɗa ba, akan sa wa wasu zoben da ke da ladan dala 100. Ana kuma roƙon wasu mafarauta su aiko da fiffike ɗaya na kowace agwagwa cikin ambulan. Masana su taru su bi su ɗaya bayan ɗaya, daga gashin su gane iri, jinsi, da ko ta bana ce. Yawan 'yan bana shi ke nuna yadda haihuwa ta kasance.

Duk da haka, nazarin da Steven Hoekman ya jagoranta a 2002 ya nuna kusan kashi 90 na abin da ke sa adadin malad hawa ko sauka a wurin haihuwa yake faruwa, kuma nasarar sheƙa ce kan gaba. Inda farauta ta yi ɓarna a ɓoye shi ne dalma. Agwagi na tsintar ƙwayoyin harsashi a laka suna haɗiyewa a zaton tsakuwa. Frank Bellrose ya ƙiyasta a 1959 cewa kashi 2 zuwa 3 na garken na mutuwa ta haka duk shekara. Sai 1991 Amurka ta hana harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa, Kanada ta biyo baya a 1999.

Wa ke biyan kuɗin kare wuraren?

Mafarauta ne kan gaba. Tun 1934 duk mai shekara 16 zuwa sama da zai harbi agwagwa a Amurka sai ya sayi wani kan sarki na musamman. Dala 1 ne a farko, yanzu 25, kuma kashi 98 na kuɗin na tafiya sayen ƙasa ko haƙƙin kare ta. An tara fiye da dala biliyan 1, an kare wajen eka miliyan 6. Daga 1958 aka fara kashe wani kaso a kan ƙananan kududdufai. Yawanci ba a sayen gonar. Ana biyan mai ita sau ɗaya, ya sa hannu cewa shi da duk wanda zai gaje ta ko ya saya ba za su janye ruwan ba, ba za su cike ramin ba. Idan ya ƙafe da kansa, yana iya nomawa. Na ciyawa kuma ya yi kiwo yadda ya so, amma ba huɗa, ba kuma yanka ciyawa sai bayan 15 ga Yuli. Makiyayan shanu sun fi kowa karɓar wannan, don abin da saniya ke so, ciyawa da ruwa, shi agwagwa ke so.

A sama da wannan akwai yarjejeniyar kula da tsuntsayen ruwa ta 1986 tsakanin Amurka da Kanada, wadda Meziko ta shiga a 1994, wadda don cika manufofinta kuɗin Amurka ke tsallaka iyaka ya yi aiki a gonakin Saskacewan.

Me ya sa manoma ke janye ruwan, alhali an san amfaninsa?

Domin amfanin na kowa ne, asarar kuwa ta mutum ɗaya ce. Mai injin shuka da faɗinsa ya kai mita 20, gonarsa na da ramuka 40, dole ya yi ta kewaye-kewaye, yana ɓarnar mai da iri da taki, wani lokaci tarakta ta kafe a laka, lokacin shuka kuma gajere ne. Agwagwar da aka ƙyanƙyashe a gonarsa wani ne zai harbe ta a Luwiziyana, can kudancin Amurka. Gwamnati ma da kanta ta shafe shekaru tana ba da tallafin janye ruwa kafin ta juya. Sakamakon: Ayowa ta rasa fiye da kashi 90 na dausayinta, Dakota ta Arewa wajen rabi. Yanzu ma ba rami kaɗai ake tonawa ba, bututun roba mai huji ake binnewa a ƙarƙashin gona ya tsotse ruwan.

Doka ba ta da ƙarfi sosai a nan. Tun 1985 manomin Amurka da ya janye dausayi na iya rasa tallafin gona, kuma wannan shi ne babban abin da ke riƙe da sauran. Dokar tsabtar ruwa kuwa, hukuncin Kotun Ƙoli na 2001 da na 2023 sun taƙaita ta har ta daina rufe yawancin ruwan da bai haɗu da kogi ba, kududdufan nan kuma haka suke. A Kanada kowane lardi da tasa dokar.

Su ne agwagin da ke zuwa Nguru da Tafkin Chadi da hunturu?

A'a. Na can kudancin Amurka, Meziko da Amurka ta Kudu suke zuwa. Baƙin da ke sauka a dausayin Hadeja da Nguru, Dagona da Tafkin Chadi daga Turai da yammacin Saiberiya suke tasowa. Sai dai pintel iri ɗaya ce nan da can, garken ne daban. Ana ƙirga na nan a watan Janairu.

Ina binciken ya dosa yanzu?

Sauyin yanayi ne ya fi ɗaukar hankali. Lissafin da Carter Johnson da abokansa suka fitar a 2005 ya nuna idan zafi ya ƙaru, yammacin yankin zai bushe, yanayin da ya dace da agwagi ya matsa gabas, wato Minesota da Ayowa, inda aka riga aka janye yawancin ruwan kuma ƙasa ta fi tsada. Wasu masanan na ganin abin bai kai haka sauƙi ba, don tun 1993 gabashin Dakota ruwa ya yi masa yawa ne, kududdufai suka haɗe suka zama tafkuna masu kifi. A Jami'ar Saskacewan, tawagar Christy Morrissey ta sami maganin ƙwarin da ake shafa wa iri a cikin ruwan kududdufai da yawa, har kafin shukar sabuwar shekara, abin da ya kai tambaya kan ƙwarin da uwa da 'ya'yanta ke ci. Murar tsuntsaye mai tsanani ta shigo nahiyar a ƙarshen 2021, ana bin sawunta a jikin agwagin da ake sa wa zobe. Kayan aiki ma sun canza: ana ɗaura wa uwa 'yar na'urar da ke aiko da inda take ta tauraron ɗan adam, ana kuma neman sheƙa da jirgi marar matuƙi mai kyamarar da ke ganin ɗumin jiki da asuba, kafin rana ta ɗumama ciyawa.